Kawu Garba Ba Ya Ɗaure Yaro a Kan Doki

Da daminar bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar kawuna Garba, ƙanen mahaifiyata. Dawaki ne sana'arsa, kuma a duk yankin Dakoro mahaya sun san shi da abu ɗaya: ya iya ɓata wa mutane tafiya.

A garinmu Mai Yara, idan za a kai 'yan dawaki arewa kiwo, ƙananan yara ake ɗorawa a kansu, don yaro ba ya yi wa ɗan doki nauyi. Tafiya ce ta yini biyu zuwa Bader Gula. Saboda gyangyaɗi, akan ɗaure yaro a jikin sirdi da tsohon rawani. Kowa haka yake yi ban da Kawu. Shi sai ya sa yaro a gabansa, kowa a kan dokinsa, ya yi ta jan sa da hira. Da yaron ya yi shiru, alamar gyangyaɗi, sai ya ce a sauka, ko da inuwa ko babu. Manya su yi ta tsaki, shi ko a jikinsa.

Ina da shekara bakwai aka fara tafiya da ni. Mahaifiyata ta fito da rawani, ya ƙi karɓa.

"Garba, in ya hwaɗi hwa?" in ji ta.

"Yaya, in ya hwaɗi rairayi ne. Ki bar mani shi."

Na kuwa faɗi, kusa da Ajekoriya, na tashi baki cike da ƙasa. Na ji haushinsa ƙwarai. Sai da na girma mahaifiyata ta gaya mini cewa suna da ƙane, Ila, wanda aka ɗaure haka. Dokinsa ya zurma ƙafa a rami ya kife, yaron bai samu ta zamewa ba, nan ya rasu. Kawu ne ya ƙulla masa rawanin da hannunsa, kuma har ya bar duniya ban taɓa jin ya ambaci sunan ba.

Yau da zai leƙo, zai ga har yanzu ana ɗaurin rawanin, don mutane sun fi son isa da wuri. Ban ce a hana yara hawa ba, a kan doki na koyi haƙuri da ƙishirwa. Amma bana da aka zo kan jikana Sani, tsoro ya kama ni. Ubansa, ɗana Musa, ya fito da rawani, ni kuma gwiwa ta hana ni hawa, kunnen ma ya yi nauyi. Na karɓe rawanin na ce masa, "Ka sa shi gabanka. In ya yi shiru, ku sauka."

"Baba, wanga jika naka shina yin shiru?" ya ce, yana dariya.

Kwana biyar na yi ina duban hanya. A na shida Musa ya dawo yana mita: yaron da ba ya rufe baki a gida ya yi shiru sau tara, sun sauka sau tara, abokan tafiya sun wuce sun bar su. Sani yana can wurin kiwo lafiya lau.

Kawu bai bar gona ba, dawakinsa ma an raba tun tuni. Amma shekara ashirin da biyu yana kwance, har yanzu yana ɓata wa mutane tafiya. Allah Ya jiƙansa, shi da Ila.