Yadda Na Bi Sawun Makaɗi a Jidda

Kano

Ban jira kiran assalatu ba na bar gida, domin jirgin Jidda na safe ne, kuma Yaya Inuwa ya ce lallai in biya ta wurinsa. Na same shi a zaure a kan buzu. Shi ne babbanmu, kuma tun da ɗan'uwanmu Garba tela ya rasu a Jidda, walicin 'yarsa Safiya ya dawo hannunsa. Wani saurayi haifaffen can, mai suna Bashir, ya nemi aurenta, ita ma tana so. Sai wani alhaji da ya dawo ya raɗa wa Yaya cewa yaron makaɗi ne, kuma ba kiɗan da muka sani ba, irin na Turawa da ake kira rok.

"Ƙafata ba za ta kai ni ba," in ji Yaya. "Kai ne wakilina. In mai gyaran firji ne kamar yadda suka ce, ka ɗaura. In makaɗi ne, ka mayar musu da goronsu. Gidanmu bai taɓa haɗa jini da masu ganga ba."

Na amsa da to. A jirgi na yi ta tambayar kaina ko digirin tarihi da shekarun da na yi ina duba makarantu sun shirya ni wannan aiki. Na ga ba su shirya ni ba.

Hindawiyya

Filin jirgin Jidda a tsakiyar gari yake, har mutum yana hango shanya a kan benaye kafin a sauka. Ana buɗe ƙofa iska mai ɗumi da gishiri ta manne mini riga a jiki. Askari ya juya fasfona sama da ƙasa, ya buga hatimi, ya ce yalla.

Na sauka a gidan marigayi a unguwar Hindawiyya, cikin wani lungu da mota ba ta shiga. Matarsa, Hajiya Zainabu, jikar mahajjata ce, a nan aka haife ta, kuma ba ta yafe wasan da ke tsakanin mace da ƙanin miji ba. Ta ajiye mini wake dakakke da man zaitun, wanda suke kira ful, da gurasa mai faɗi kamar faifai.

"Ahlan da ƙaramin mijina. An aiko ka leƙen asiri."

"Ziyara na zo, Hajiya."

"Ziyara da wannan fuskar? Ci, halas, mun san Inuwa."

Safiya ta shigo ta gaishe ni. Ita ke riƙe da keken ɗinkin mahaifinta yanzu, kuma tana jin Hausa fiye da yadda take mayarwa. Na tambaye ta kai tsaye ko Bashir yana kiɗa. Ta dubi uwarta, ta dube ni, ta ce, "Baffa, yana salla, yana shugul, bai taɓa yi mini ƙarya ba." Shugul aiki ke nan a bakinsu, amma na lura ba abin da na tambaya ta amsa ba. Hajiya ta ce an tura yaron aiki garin Yanbu sai Juma'a, amma tun da bincike nake so, za ta haɗa ni da direban da ya san gari.

Bagdadiyya da bakin tasha

Direban sunansa Usman, Bahaushen Sudan ne, dogo, mai tsohuwar tasi da ƙofarta ɗaya ba ta buɗewa sai daga waje. Na gaya masa ina so in ga inda ake kiɗan rok.

"Babu wannan a Jidda, ya Ustaz. Haramun ne a fili." Ya tada mota. "Amma zan nuna maka inda ba a yi ba."

Ya fara kai ni Bagdadiyya, wani fili mai katanga huɗu babu rufi. Ya ce a nan ake haska fim a jikin bango, a ɓoye, kuma a nan aka fara jin jita mai lantarki a bakin 'yan gari. Mai wurin ya lura samari na zuwa da wuri, sai ya bar wasu yara su yi kiɗa kafin a kashe fitila. Abin ya tafi daidai har wani maƙwabci ya kai ƙara cewa tantabarunsa sun daina ƙwai. Yanzu buhunan siminti ne jibge a wurin.

"A waccan kusurwa ake sa lasifika," in ji Usman, "domin bangon gabas yana mayar da sauti."

"Wa ya gaya maka?"

"Fasinja."

Daga nan muka gangara bakin tashar jiragen ruwa. Ya nuna mini wani tsohon bene na dutsen teku mai tagogin katako. A cewarsa, tun kafin filin Bagdadiyya, matuƙan jirgi 'yan Girka da Italiya kan haɗu a samansa da faya-fayan kiɗansu, kuma wani daga cikinsu ne ya bar jitarsa jingina bai dawo ba. A kan wannan jita ɗaya samarin unguwar Nuzla suka koya, ana karɓa-karɓa kamar allon makaranta. An daina hawa benen ne ranar da ƙasar rufin ta zubo a cikin tukunyar mai gidan.

Na sami kaina ina jin daɗin labarin fiye da yadda ya dace da wakilin Yaya Inuwa. Mai karatun tarihi ba ya iya jin an ce "a nan aka fara" bai miƙa wuya ba, kuma ina zaton Usman ya gane haka tun a kwanar farko.

Washegari ya kai ni wata unguwar ma'aikatan kamfani 'yan ƙasar waje, mai doguwar katanga. Ya ce a ciki ana kiɗa a bakin tafkin wanka, domin dokar gari takan tsaya a bakin ƙofa. Mu ma a nan muka tsaya, mai gadi ya ce ba mu da kati.

Da muka juyo na ce masa, "Malam Usman, ka nuna mini inda aka yi jiya da inda ba zan shiga ba. Ina ake yi yau?"

Ya daɗe yana gyara madubi. "Hajiya ta ce in zaga da kai har ka gaji. Ba ka gaji ba?"

"Ban gaji ba."

"To, Juma'a bayan la'asar. Amma ka sa babbar rigarka, ya Ustaz. Wurin akwai iska."

Ubhur

Ubhur wani bakin ruwa ne arewa da gari, inda teku ta kutso cikin ƙasa. Mun bar kwalta, muka bi yashi tsakanin bukkokin masu hutu, har muka iso wani lungu da ke cike da jama'a: Turawa da jajayen kafaɗu, Labanawa, 'yan Filifin, da samarin Jidda da suka naɗe jallabiya zuwa gwiwa. Ba ɗaki, ba rumfa. Dandalin kiɗan bayan wata babbar mota ce, an juya kanta ga hanya, direba na zaune a ciki. Usman ya bayyana mini cewa bayan an kore su daga bene, an kore su daga fili, sai suka ga gara wurin kiɗan ya zama mai taya.

Ya ce in jira shi zai sha ruwa. Ban sake ganinsa ba sai a kan motar, rataye da jita.

Ba zan yaudari masu karatu ba, da farko abin ya yi mini kama da ruwan ƙanƙara a kan kwano. Amma da kunnena ya zauna, sai na ji a ƙarƙashin hayaniyar akwai wani bugu da na sani, irin wanda ke tada samari a dandali. Mai yin sa wani siririn saurayi ne a bayan ganguna, kuma zuciyata ta ba ni shi ne Bashir. Na dubi ƙafata ta dama na ga tana motsi. Na tsawata mata.

Da suka tsagaita, na matsa na ce a ɗaga ni kan motar. Ina so in dubi yaron ido da ido kafin in yanke hukunci. Yana ganina ya ajiye sandunansa ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baffa. Ni ne Bashir. Ban je Yanbu ba. Na ce a gaya maka gaskiya tun ran farko, Hajiya ta ce in rufe bakina."

"Firjin fa?"

"Ina gyarawa, Asabar zuwa Alhamis. Gangar kuwa a wasan sandan unguwarmu na koya, tun ina yaro."

Na buɗe baki ke nan sai aka busa usur daga kan tudu. Ban taɓa ganin taro ya sake kama da sauri haka ba. Masu rawa suka faɗa ruwa suka zama masu iyo, wani Bature ya ɗauki sandar kamun kifi ya tsura wa teku ido. Aka ja tamfol a kanmu, mota ta zabura, na faɗi zaune a kan akwatin lasifika, wani faifan tagulla na ganguna ya sauka a cinyata.

Shingen hanya

Ba mu yi nisa a kan kwalta ba motar ta rage gudu. Usman ya leƙa ta huji ya ce shinge ne. Bashir ya matso kusa da ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Baffa, in suka gane kayan nan, za su kira kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, shi kuma zai janye hannunsa daga iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan. Za a sa ni a jirgi zuwa Najeriya. Ban taɓa ganin Najeriya ba."

Askari ya ɗaga tamfol. Ya ga ganguna, ya ga wayoyi, ya ga samari suna zufa, sannan ya ga dattijo mai furfura da babbar riga da tabarau a tsakiyarsu. Ni ya zaɓa.

"Ya Hajji, kayan mene ne wannan?"

Larabcina na littafi ne, kuma a hankali yake fitowa, don haka na sami lokacin tunani. Na tuna Yaya. Na dubi yaron da ya gaya mini gaskiya alhali ƙarya ta fi masa sauƙi. Sai na ji bakina ya ce, "Kayan bikin 'yata ne."

Fuskar askarin ta saki. "Mabruk. Yaushe?"

"Alhamis."

"Ina angon?"

Na nuna Bashir. Askarin ya miƙa masa hannu, ya tambayi unguwa, da ya ji Hindawiyya ya ce ai gidan ƙanwarsa na nan, zai leƙo. Ya saki tamfol.

Muka ci gaba da tafiya. Ni dai lissafi nake yi. Na kai shekara hamsin ban yi wa hukuma ƙarya ba, kuma hanya ɗaya ce tak ta rage da maganar da na yi za ta zama gaskiya.

"Ya Ustaz," in ji Usman, "Alhamis ɗin nan, ko ta sama?"

"Yi mini shiru."

Hajiya Zainabu ta saurari labarin tana tace shayi, ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce ita ba ruwanta, magana ce ta maza, amma shinkafa tana nan tun watan jiya. Ranar Alhamis na ɗaura auren. An yi wasan sanda a lungu, aka kuma jona jita a tsakar gida, tsofaffi suna toshe kunne suna leƙe. Askarin ya zo, ya ci, ya nemi ƙari.

Gida

Na sauka Kano da hantsi, na wuce zauren Yaya da jakata a hannu.

"Makaɗi ne?"

"Makaɗi ne, Yaya."

"Ka mayar da goron?"

"Na ɗaura."

Na kwashe labarin duka na gaya masa, ban rage ko motsin ƙafata ba. Ya daɗe yana jan carbi.

"Wato ko ka zama maƙaryaci, ko mu zama surukan mai ganga."

"Haka ne."

"Shi ne ka zaɓar mana abin kunyar da za mu raba tare da kai." Ya gyara zama. "To, dangi na zuwa da yamma. Da bakinka za ka faɗa musu, ni zan yi kamar barci nake."

Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Hajiya Zainabu da ta ciyar da ni, da Malam Usman da ya zaga da ni. Amma har yau ina tambayar kaina dalilin da ya sa aka ce in sa babbar riga, da kuma ko wane ne ya busa usur daidai lokacin da na hau mota. Na yi shawara da kaina, na ga wannan bincike ne da ya fi kyau a bar shi.