Gaisuwar Inna a Gidan Rediyo

Jama'a, yau na ga inda saƙonninmu ke zuwa su mutu.

Kun san Inna tana kwance a Yara, ido ya tafi, rediyo ce abokiyar hirarta. Burinta ɗaya, ta ji an gaishe ta a ciki. Na yi ta tura tes, shiru. Yau na rufe gareji na tafi da kaina.

Na samu mai shirin, wani ɗan gayu da tabarau. Na ce ga sunanta, ka faɗa.

Ya ce, "Baba, ba ma karɓar saƙon baki. Tura tes."

Ina tsaye a gabansa fa! Na tura, ya faɗo kan kwamfutarsa ina gani. Kafin ya gama shan ruwa, sababbi sun danne shi. Wai na sama kawai yake karantawa. Na saman kuwa wani ne ke gaishe da ƙungiyar ƙwallonsa. Shirme.

Na dawo gida na laɓe bayan labule, na toshe hanci, na rangaɗa wa Inna gaisuwa irin tasu.

Ta ce, "Na amsa, Allah ya yi albarka. Amma Bala, 'yan rediyo ba sa warin baƙin mai."