Watan Mayun da Na Hana Abokina

Shekarun baya, ni da wani abokina mun shirya tafiyar ƙafa ta kwana biyar a karkarar Ireland. Shi ya kawo maganar. A makarantar mishan da ya yi a Filato, wani Fada ɗan can ne ya koyar da su, kullum yana ba su labarin tuddai da tumaki da katangun dutse. Abokina ya ce sai ya taka ƙasar nan da ƙafarsa, ƙauye zuwa ƙauye. Ni kuwa da ko shagon kayan miya na bayan gidana a Hyattsville, nan Amurka, sai da mota nake zuwa, na buɗe baki na ce na yarda.

Da yake ni nas ne, kuma son tsarina ya yi yawa, sai na karɓe shirin gaba ɗaya. Na zana hanya, na auna mil nawa za mu ci a rana, na nemo gidajen da za mu riƙa kwana, na tsayar mana da watan Yuli. Duk Asabar mu haɗu a Fort Washington, mu yi atisaye a bakin kogi da sababbin takalmanmu.

Wajen watan Maris ya fara zama a baya. Da mun ɗan hau tudu sai ya tsaya ya riƙe ƙugu. Na yi ta tsokanarsa, wai tuwon madam ne ya yi masa nauyi. Sau ɗaya na tambaye shi ya jiki, ya ce da sauƙi. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, muka wuce. Haka aka tashe mu a gida: mai tambaya ba ya tonawa, mai ciwo ba ya faɗa.

Wata Asabar muna hutawa a kan benci ya ce, "Mutumina, ba za mu dawo da tafiyar nan Mayu ba?"

Na ce, "Haba dai. Na riga na sa hutuna a Yuli, ka san canja schedule ɗin aiki a asibitinmu sai an kai ruwa rana. Wata biyu ne kawai, Ireland ba guduwa za ta yi ba."

Ya yi murmushi ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Ƙarshen Mayu aka kwantar da shi a asibiti. Bai ga ƙarshen Yuni ba.

A zaman makoki matarsa ta ja ni kicin. Ta ce, "Yaya, tun Fabrairu likita ya gaya masa ciwon daji ne, kuma ya riga ya bazu. Ya hana ni faɗa wa kowa, musamman kai. Ya ce in ka sani za ka daina yi masa tsiya, ka koma yi masa aikin nas."

Har yau abin yana cina. A wurin aikina a Largo, in baƙon da ban taɓa gani ba ya ce min da sauƙi, ba na barinsa. Sai na ja kujera na zauna, na ce ya nuna min inda ke ciwo, tun yaushe, yana iya cin abinci? Abokina na shekara ashirin kuwa, tambaya ɗaya na yi masa na karɓi amsar da ta fi min daɗi.

Ban je Ireland ba, kuma ban jin zan je. Yanzu in wani nawa ya roƙe ni mu matso da wani abu kusa, sai in fara tambayarsa dalili kafin in duba kalanda. Ran nan a kan benci, tambaya ɗaya ta rage in yi: me ya sa? Na tabbata da ya gaya min.