Safar Gwiwar Malam Ila

Duk wanda ya yi aiki da Malam Ila a masaƙarmu ta Sharaɗa ya san ba ya wuce guntuwar waya a ƙasa. Ko ana shirin rufe get ne sai ya duƙa ya tsince ta, ya cusa a aljihu, ya ce, "Ba ta gama aiki ba." Matarsa Tabawa ta taɓa yanke yatsa garin wanke masa riga, ta kawo min ƙara. Da na yi masa magana cewa ya yi, "Wa ya sa ta wanki? Rigar ma ba ta gama aiki ba!"

Shekara ashirin yana gyaran injin saƙa, rannan ya zame a kan baƙin mai, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Sau nawa Ila ya ce a gyara bututun da ke zubar da man nan? Aka yi masa aiki a asibiti, ko zaren ɗinki ba a cire ba manaja ya aiko masa da takardar sallama, wai ba sa ajiye gurgu. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Shi kuwa ba takardar ce ta dame shi ba, sallah a kan kujera ce. Gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Likita ya ce ya riƙa lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan.

"Kaɗan nawa?"

"Za ka ji a jikinka, Malam."

"Jikina maƙaryaci ne, likita. Inji ne ba ya ƙarya."

Ya koma gida Dorayi, ya zazzage wayoyin aljihunsa, ya saƙa su cikin zare ya yi wa gwiwar safa, ya haɗa da batir da ƙararrawar ƙofa. In gwiwa ta lanƙwasu zuwa inda ya sa alama, bakin waya biyu su haɗu, ƙararrawa ta ɗauka. Duk Juma'a sai ya matsar da alamar gaba.

Wata rana muka shiga bas, kwandasta ya cusa mu kamar buhunan auduga. Gwiwar Ila ta matsu, sai ƙirrr! Direba ya taka birki, mata suna salati.

Kwandasta ya ce, "Malam, mene ne a wandonka?"

Ila yana gumi don azaba, amma ya kama hannun kwandastan. "Abin da likita ya kasa wata biyu, ka yi shi yanzu. Ƙaro mutum ɗaya!"

Dariya muka yi masa, har da ni. Muka ce faɗuwar nan ta taɓa masa kai. Ya ɗauki safar ya koma masaƙa don ya nuna wa manaja, ko za a riƙa saƙa wa asibitoci irinta. Aka bar shi tsaye a rana da sanda, daga baya maigadi ya ce oga ya fita ta baya. Ba a jima ba masaƙar ta mutu. Kwanan nan 'yata ta nuna min a wayarta wai Turawa sun ƙirƙiro safa mai gaya wa likita yadda gwiwa ke lanƙwasuwa. Ƙirƙiro! Saura kaɗan na buga wayar da ƙasa.

Ranar da ba na mantawa, wata La'asar ce a masallacin unguwarsu. Ila ya ture kujerarsa gefe ya shiga sahu kusa da ni. Muka zo zaman tahiyar ƙarshe, sai ƙararrawa ta ɗauka, ta ƙi tsayawa har aka yi sallama. Liman ya juyo a fusace.

"Wane mara mutunci ne wannan?"

Jama'a suka yi caa. Ni ma na juya zan wanke shi tas, sai na tarar da shi zaune daram a ƙasa, ƙafa a naɗe, hawaye ya jiƙa masa gemu.

"Habu," ya ce min, "wata tara. Na zauna."

Ya zare batir, ya kwance safar, ya miƙo min. "Riƙe. Ta gama aiki." A duk zamanmu, ita kaɗai na taɓa jin ya faɗa wa haka.

Allah ya jiƙan Malam Ila, ya karɓi zaman nan nasa, mu kuma ya yafe mana dariyar da muka yi masa.