Ranar da Orval Ya Koyi Ribas

Duk wanda ya zauna a garin Shafter na jihar California ya san Orval Tackett. In bai san fuskarsa ba, ya san labarin rowarsa. Shekara talatin da takwas yana gyaran injin ban-ruwa a gonakin dankali, ba a taɓa ganin ya sayi abincin rana ba. Wake da burodin masara a tsohon gwangwani, shi ne jiya, shi ne yau. Mu danginsa mun tabbata in ƙuda ya faɗa masa a kofi, sai ya matse ƙafafunsa kafin ya sake shi. Akwai takardar dala ɗaya da ta daɗe a aljihunsa, ranar da ya fito da ita sai da hoton jikinta ya runtse ido don hasken rana.

Shi ya sa ranar da ya ajiye aiki ya ce zai sayi motar-gida, irin mai gado da kicin da bayi a ciki, ƙaninsa Hoyt ya taso ya taɓa masa goshi ya ji ko zazzaɓi ne.

Ba zazzaɓi ba ne, uwarsu ce, Gwaggo Oleta. Tana da shekara takwas fari ya kori iyayenta daga Oklahoma. Aka ɗaure katifa a kan kaya a bayan mota, aka ɗora ta a sama tana fuskantar baya, abin da ta gani na ƙarshe shi ne itacen pikan na bayan gidansu, mai 'ya'ya masu ɓawo da ake fasawa a ci kamar gyaɗa. Shekara tamanin ke nan tana ba mu labarin itacen nan, kuma kowace shekara sai ya ƙara tsawo. Jirgi ba ta hawa, ta ce da Allah ya so ta tashi da ya ba ta fiffike. Ƙaramar mota kuwa ƙugunta ba ya jure ta, ga shi kowane rabin awa sai ta zagaya. To, ranar Kirsimeti, a gaban kowa, Orval ya ajiye cokali ya ce, "Mama, ni zan kai ki, a kwance a kan gado."

Ya nemi mota ya samu, ta hannu ce amma garau, tsawonta ƙafa talatin da shida, dala dubu tamanin. Sai aka ce masa harajin saye na California dubu shida ne a kai. Nadine matarsa ta ce kwana uku bai yi magana ba, ko karen maƙwabta bai kora ba. Dubu shidan nan su ne kuɗin man da ya ware don tafiyar. In ya ba gwamnati, motar za ta zauna a ƙofar gida tana yi wa unguwa ado, Oklahoma kuwa sai a mafarki.

A shagon aski ya samo magani. Wani tsoho ya raɗa masa cewa Montana ba su san harajin saye ba. Sai ka buɗe kamfani a can, kamfanin ya sayi motar, ya yi mata lambar jiharsu. Kamfanin ba ofis, ba ma'aikaci, ba ko tsintsiya, gidansa wata durowa ce a ofishin wata lauya. Orval ya raɗa wa kamfanin sunan marigayi karensa, Biskit. Tun daga ranar Hoyt bai sake kiransa da sunansa ba, sai Manaja.

Suka hau bas shi da Nadine har Montana suka karɓi mota. Lauyar ta kalle shi ta saman gilashinta ta ce, "Sharaɗi ɗaya ne. Shekara guda cur kada tayar motar nan ta taka ƙasar California. Ka adana rasit na mai da na masauki, domin ranar da aka tambaye ka, hannu za ka sa ka rantse. In ta shiga, ka tanadi dubu shidansu."

Orval ya ce shekara ai kwana ce. Za su yi ta yawo a waje, in ta cika ya je ya ɗauki Mama. Mutumin da bai taɓa kwana uku a jere a wajen Shafter ba, sai ga shi a Idaho, ga shi a Utah, ga shi ya ci sanyi a Arizona cikin dubban tsofaffi masu irin motarsa, rabinsu da lambar Montana, kuma babu wanda ya taɓa ganin ƙanƙarar Montana sai a kalanda.

Amma akwai wani sirri. Ranar farko a filin dillali Orval ya sa giyar baya, ya murƙushe kwandon shara, ya karya sandar tuta, ya kusa aika dillalin lahira. Tun daga nan bai sake taɓa ribas ba. Masaukin irin waɗannan motoci yana da gurbi iri biyu: wanda za ka shiga ta nan ka fita ta can, da wanda sai ka shiga da baya. Na bayan ya fi araha da dala biyar. Wata takwas Orval yana biyan mai tsadar, yana biya yana cije leɓe. A nan Nadine ta gane tsoron ba na wasa ba ne. An ce akwai ranar da ya wuce kwanar da zai shiga, ya gwammace ya zagaya mil ɗari da arba'in da ya ja baya taku biyar.

Cikin watan Afrilu suna Nevada sai ga wayar Hoyt.

"Manaja, Mama ta faɗi a kicin. Ba ta karye ba, kar ka tashi hankalinka. Amma likita ya ce in akwai tafiyar da za a yi, a yi ta yanzu kafin zafi ya shigo. Bai ce komai ba bayan haka, amma na ga fuskarsa."

"Saura wata huɗu, Hoyt."

"Ai na gaya mata. Ta ce a tambaye ka, alkawarin naka da ita ka yi ko da karenka?"

Orval ya ce, "Ka kawo min ita bakin iyaka. Akwai wani filin tsakuwa a hanyar Nipton, ta ɓangaren Nevada, rabin mil kafin allon iyaka. Fili ne mai faɗi, zan iya juyawa a ciki. Asabar da hantsi."

Ranar Asabar Hoyt ya ɗauko ta a akori-kurarsa, ya ɗaure kujerarta ta kishingiɗa a baya, domin Gwaggo ba ta zuwa ko coci ba da kujerar nan ba. Sau tara suka tsaya a hanya. Orval kuma ya taso ta gabas. Hanyar gangara ce, sai ya ga banza ta faɗi, ya ɗauke ƙafa daga totur, mota tana ta sulalawa kyauta, ba ta shan ko ɗigo. Yana cikin yi wa Nadine bayanin yawan man da ya tsira, ta ce, "Orval, wancan ba filin ba ne muka wuce?"

Ya taka birki har tukwane suka yi tsalle a kicin, kwanon soyayyar kuɓewar da aka yi wa Gwaggo ya kife. Motar ta tsaya taku goma kafin allon California.

Ya sauko ya duba. Hanyar siririya ce kamar igiyar shanya, dama yashi, hagu yashi, irin wanda in taya ta shiga sai an kira jikokinka su tono ta. Wurin juyawa na gaba yana cikin Nipton, mil biyu cikin California. Filin tsakuwa kuma yana baya. Gaba kura, baya siyaki.

Sai ga Hoyt ya iso ta gaba, ya leƙo da kai yana murmushi.

"Ranka ya daɗe Manaja, sannu da zuwa. Ko kamfani ya canza wurin taro ne ba a sanar da mu ba?"

"Rufe min baki."

"Ja baya mana, rabin mil ne kawai."

Orval ya kalli takalminsa. Nadine ce ta tona shi. "Bai iya ba, Hoyt. Wata takwas gaba kawai muke yi, kamar kogi."

Hoyt ya yi dariya har ya kwanta a kan sitiyari hon ya yi ƙara. Da ya dawo hayyacinsa ya share hawaye ya ce, "To shiga Nipton ka juyo, minti goma ne. Wa zai gan ka a dajin nan, ƙadangaru?"

"Kai za ka gani, kuma bakinka ya fi rediyo nisan zango. Ko ba kai ba ma, hannu zan sa in rantse ba ta shiga ba. Ni marowaci ne, na sani, duk kun faɗa. Amma ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba. In na shiga, zan biya su. In na biya su kuwa, sai dai mu tura motar nan da hannu zuwa Oklahoma."

Duk wannan Gwaggo tana zaune a kujerar gaba ta akori-kura, hannu biyu a kan sandarta. Abin da 'ya'yanta suka manta shi ne, tun suna ƙanana, shekara goma sha tara ta yi tana shigar da manyan motocin dankali rumbun tattara kaya da baya, ta ƙofar da ta fi motar faɗi da tafin hannu ɗaya.

"Hoyt," ta ce, "daina haushi, zagaya da ni bayan motar yayanka. Ka ɗora ni a kujerata ina kallon baya."

"Mama, likita ya ce..."

"Likita ya taɓa tuƙa dankali?"

Aka yi yadda ta ce. Hoyt ya ratsa ta gefe ya tsaya a bayan motar-gidan, hancin akori-kura yana kallon Nevada, Gwaggo a kan kujera a baya tana kallon ɗanta. Nadine ta ɗauki jan tawul ta yi gaba don tare motoci, ko da yake tun safe ba abin da ya wuce sai zomo ɗaya. Gwaggo ta yafito Orval da sanda.

"Saurara, ɗan nan. Kada ka waiwaya, bayanka gado ne da bayi, ba abin da za su gaya maka. Madubin hagu kawai za ka kalla. In kana ganina a tsakiyarsa, taho. In na kauce gefe, murza sitiyari kaɗan, kamar kana juya miya, har in dawo tsakiya. In na ɓace, tsaya."

"In na taka ki fa, Mama?"

"Shi ya sa na zauna a nan. Kwandon shara ba ya ba ka tsoro, ni kuwa ina ba ka. Ni na koya maka tafiya gaba kana tsirara a tsakar gida, ta baya ba za ta gagare ni ba. Je ka."

Orval ya hau. Ya sa giyar da rabonsa da ita tun Montana. Motar ta fara kukanta na ja-da-baya. A madubi ya hango uwarsa, 'yar ƙarama cikin hular coci, ta miƙo hannu biyu tana kiransa da yatsu, yadda ake kiran yaro mai tatata. Ya saki birki. Hoyt ya ja akori-kura a hankali, Orval ya bi. Ta kauce dama, ya murza, ta dawo. Ta kauce hagu, ya murza ya wuce gona da iri, tayar baya ta lashi yashi, Gwaggo ta ɗaga sanda sama yadda take ɗaga ludayi shekara sittin da suka wuce, nan take ƙafarsa ta sami birki ba tare da shawararsa ba. Ya gyara, ya ci gaba da baya.

Minti arba'in suka yi a rabin mil ɗin nan. Gumin da ya zuba, an ce har yau akwai ciyawa kore a gefen hanyar. Da ya ji tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin taya, ya kashe mota, ya kifa kai a sitiyari. Nadine ta jefa tawul sama tana guɗa irin tata. Hoyt ya cire hula ya ce, "Manaja, yau kam ka ci albashinka." Gwaggo kuwa cewa ta yi, "A zamanina da an kore ka tun a minti na biyar. Amma ba laifi. Ku shigar min da kujera."

Kwana biyar suka yi a hanya, tana kwance a gado kamar sarauniya, tana aika umarni gaba. Gidansu na Oklahoma babu shi, ko tubali ba su tarar ba. Amma itacen yana nan. Bai kai rabin yadda ta faɗa ba, sai dai ba wanda ya yi gigin cewa haka. Ta sa aka ajiye mata kujera a gindinsa, ta dafa jikinsa ta daɗe, sannan ta sa Orval ya durƙusa ya tsinto mata ragowar 'ya'yan bara a cikin ciyawa. Ya cika gwangwaninsa na wake fal, da yake kyauta ne.

Hanyar da ta kai su gindin itacen ba ta ɓullewa ko'ina, kuma ba wurin juyawa. Da lokacin tafiya ya yi, Nadine ta kalli Orval, ta kalli Gwaggo, ta fara neman jan tawul. Orval ya ce ta zauna. Ya gyara madubi, ya sa giya, ya fito da gidan nan mai ƙafa talatin da shida da baya har bakin kwalta, bai taɓa ko reshe ba. Gwaggo tana gado tana fasa pikan da gindin sanda, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Da yamma a masauki ya shiga ofis yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Yarinyar da ke kan tebur ta tambaye shi wane irin gurbi yake so. Ya jingina da gwiwar hannu ya ce, "Ba ni na baya, 'yata. Mai arahar."