Motar da Muka Cinye, Zailani Ya Tayar

Wasa? Kai Ɗanliti, maimaita in ji. Wasa ka ce Zailani ya shekara bakwai yana yi, wai don motar ba ta ɗaukar ko buhun gyaɗa ɗaya? To gyara zama. Ku ma masu dariya ku matso, tunda bana mutumin ya ajiye sifana, ido ya ƙi, kuma duk Kwanar Dangora ban ga wanda ya tashi ya ce masa sannu ba.

Kun dai san shi. Da an idar da asuba ya share rumfarsa ta bakin titi, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera sifanu daga babba zuwa auta. Sannan ya wanke hannu. Mutum zai taɓa baƙin mai, amma sai ya wanke hannu tukun! Lorin Kano, lorin Zariya, duk wanda ya yi tari a nan shi ke ba shi magani. In la'asar ta yi kuwa, ko lorin waye ya jira. Sai ya zaga bayan rumfa wajen 'yar motar nan.

Ku yaran yanzu ba ku san mafarinta ba. Ta wani Baturen kuza ce na Riruwai, muna ce masa Mai Lofe. 'Yar ƙarama, koriya, ba rufi, kujera biyu, tayoyinta da wayoyi kamar na keke. Daga ƙasar Ingila ya zo da ita, kuma wai cikin 'yan farin da kamfanin ya fara ƙerawa take. Da yaƙi ya tashi aka kira shi, ya kawo ta gindin tsamiyar gidan su Zailani ya ce, "Ajiya." Ba a yi wata shida ba aka kwashi Zailanin ma soja, har yaƙin Bama.

To mu nan kun san halinmu. Abin da ya kwana biyu a gindin bishiya ba mai shi a kusa, ai Allah ne ya kawo. Ba sata muka yi ba, wa ya ce sata? Aro muka yi. Wannan ya ari kujera, wancan ya ari taya. Da Zailani ya dawo bayan shekara biyar, ƙashin baya ya tarar, kaji na ƙwai a ciki. Mai Lofe ya mutu a yaƙi. Kowa ya ce shi ke nan, magana ta mutu.

Sai ga takarda daga 'yar Mai Lofe: in ta gama karatu za ta zo ta ɗauki ajiyar ubanta.

In ta zo ta ga ƙashi, sunan Zailani maci amana, har gaban alƙali. In ya kare kansa kuwa, sai ya lissafa mu gida gida. Kawunsa Buba ya ce, "Rubuta mata gobara ta ci." Zailani ya ce, "Kawu, ban ga wuta ba."

Haka ya ɗauki keke ya shiga ƙauyuka. Sitiyari a Yako ya same shi, an rataye guga da shi a bakin rijiya. Taya ɗaya a Ƙofa. Gilashin gaba a ɗakin wata amarya, Suwaiba, har an shafa masa shuni a baya ya zama madubi. Bai taɓa cewa "ba ni kayana" ba. Zai yi sallama, ya gaisa, ya zauna yana kallon abin.

Na san haka ne don ni ma ya zo mini. E, ni. Ƙoƙon fitilar dama na wurina, kajina na shan ruwa a ciki. Juma'a uku yana zuwa. "Inna, ina gajiya? Ina kaji?" Ya durƙusa yana kallonsu suna sha. A ta uku na ce, "Zailani, kajin kake so ko kwanon?" Ya ce, "Inna, na ga kamar ya yi musu zurfi ne." Sai ya zaro kasko sabo daga jaka. Kowa haka ya yi masa. Mai guga ya sami maratayi, amarya ta sami madubi na gaskiya.

Tattarawa ma ita ce mai sauƙi. Ashe motar nan haƙarƙarinta na itace ne, gara ta gama da shi. Kafinta ya kawo maɗaci, mai kyau. Zailani ya shanshana ya ce ba shi ba ne. Damina biyu yana nema, har ya sami wani tsohon amalanken Turawan kuza da aka yar a Riruwai, ya kankare ya shaƙa, ya ce, "Yauwa, 'yan gari ɗaya ne." Daga Kano aka aiko masa da ƙarafa sababbi fil, suna shiga daidai. Ya juya su, ya mayar cikin akwati. "Na ƙannenta ne," in ji shi. "Ita ta girme su." Ya zauna da zarto da tagulla ya fitar da irin na da. Fenti kuwa, sai da ya tono wani lungu ƙarƙashin kujera inda rana ba ta taɓa gani ba, ya yi ta haɗi har koren ya zama ɗaya. Ƙusoshin gaban mota na leƙa da idona: tsagar kan kowacce ta kalli gefe guda, kamar sahun sallah.

Ranar da yarinyar ta zo, da wani injiniya ta zo, jajir, da littafin kamfanin a hammata. Ya kwanta a ƙarƙashi, ya fito, ya buɗe nan, ya rufe can. Mu duk muna tsaye, kowa na kallon abin da ya taɓa kwana a gidansa. Can sai ya buga littafi da yatsa. Tafintan da suka zo da shi ya ce wai ham ɗin mota a dama littafi ya ce, ga shi an ɗaura a hagu, saboda haka aikin ƙage ne.

Zailani bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, littafin ƙannenta ne. Ita a hagu aka haife ta." Ya kama yatsan Baturen ya ɗora kan tsofaffin hudoji biyu a jikin ƙarfe. Baturen na ta girgiza kai. Sai yarinyar ta buɗe jaka ta fito da hoton ubanta ranar da ya sayi motar. Ham a hagu. Injiniya ya dubi hoto, ya dubi littafi, ya cire hularsa. Zailani ya murɗa, inji ya kama bugu ɗaya. Yarinyar ta dafa ƙofa ta fashe da kuka, ta ce muryar motar babanta ke nan.

Zailani, ga ka can a rumfa, na san kana ji, kunnenka bai tsufa ba. Kai ne aka ba ajiya, gari ya cinye, ka tayar da ita ba ka ci mutuncin kowa ba. Kai ne hannunka ya fi littafi tuna gaskiya. Mai mayar da abu yadda aka ba shi! Na gode, kajina ma sun gode. Allah ya haskaka maka abin da ido ya rage. Ku kuma masu tasowa, in an ba ku aro ko na allura ne, ku leƙa rumfar nan kafin ku mayar.

Har yau bai faɗi sunan mutum ɗaya ba. Amma ni ba Zailani ba ce, Ɗanliti. Ƙofar katakon nan ta makewayin gidanku, mai kyau ɗin nan, shi ya sassaƙa ta. Je ka tambayi babanka ƙofar mece ce ta shekara shida a rataye a wurin kafin ita, koriya, mai ƙugiya biyu. In ya gaya maka, ka dawo ka sake ce mini wasa.