Zuciyar Mai Agogo Tana Tsallake

Ranar da tsoro ya fara kama Auta, tana zaune ne a kan benci a shagon babanta, tana jira ya sauya wa agogon hannunta batir. Wata biyu ke nan da ta gama jami'a, aiki bai samu ba tukuna, don haka a can take yini. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya ɗauki ɗan ƙaramin sukurdireba, sai ta ga hannunsa ya tsaya cak. Gumi ya feso masa a goshi. Ta kama wuyan hannunsa. Jijiyar ta buga uku da sauri, ta yi shiru, ta buga ɗaya, ta sake rugawa a guje.

"Baba, mene ne wannan?"

"Sakar min hannu, kar ki watsar min da kusoshi. Tsallake take yi. Ta jima tana yi."

"Tun yaushe?"

"Tun kina shekara ta biyu a makarantar taku."

Shekara talatin da huɗu ya yi a wannan shago, wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar bene, har mutane suka manta da sunansa, sai Mai Agogo. Agogon bango goma sha ɗaya ne rataye a bayansa, ba wanda ya isa ya riga ɗan'uwansa. Idan aka kawo masa gyara, kunne yake fara karawa, ya ce, "Wannan ya sha ruwa, kuma za ka rantse min bai sha ba." Ba ya sallamar agogo ranar da ya gyara shi. Sai ya rataye shi kwana uku, yana rubuta a wani littafi mai baƙin bango inda ya yi sauri da inda ya yi nawa.

Shekara tara yana fama da hawan jini, yana shan ƙwayarsa ƙarfe bakwai daidai. Abin da ya hana Auta sakewa shi ne Baffa, yayan babanta. Shi ma da hawan jini ya fara, yanzu ɓarin jikinsa na dama a shanye yake, sai an ba shi abinci a baki.

Ta tuna da wata sanarwa da ta gani a asibitin da babanta yake karɓar magani. Wasu likitoci na bincike a kan masu hawan jini, suna neman waɗanda bugun zuciyarsu ya hargitse ba su sani ba, domin irin wannan hargitsi kan sa jini ya daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Ta matsa masa lamba har ya yarda.

A waje aka bar ta lokacin da nas ke manna masa wayoyi a ƙirji. Ya fito da 'yar na'ura rataye a ƙugu da takarda a hannu, yana murmushi. An ce ya yi kwana uku da ita, duk lokacin da gabansa ya faɗi ya danna maɓalli, ya rubuta dalili.

"Yau kuma ni aka rataye gwaji," ya ce wa Mama da suka iso gida.

"Madalla. In sun buɗe ka, su ɗan rage maka surutu."

A rana ta uku Auta ta ɗauki takardar a kan teburinsa. Layi uku ne kacal. Na farko: an ce Goggo, yayata, tana hanya za ta yi mana mako biyu. Na biyu: uwar yara ta kama ni ina barbaɗa gishiri a miya. Na uku: ƙadangare ya faɗo min a wuya daga rufi.

Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tuna abin da ta gani jiya.

"Baba, jiya da rana na ga ka dafe ƙirji. Ina shi a nan?"

"Wannan ai tsallake ne. Ce min aka yi in gabana ya faɗi. Ni don agogo ya yi tsallake sai in tsorata?"

"To duk zuwan da kake yi asibiti, in sun tambaye ka ko gabanka na faɗuwa fa?"

"In ce a'a mana. Da girmana, a gaban 'yan mata, in ce ni matsoraci ne?"

Ta ninke takardar. Shekaru ke nan ana tambayarsa, yana ba da amsar wata tambaya daban.

Da suka koma asibiti, likitar da ke jagorantar binciken ta karanta layukan nan uku, ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na girgiza. Da Auta ta yi mata bayani, sai ta ajiye biro, ta jawo tulin takardun sauran marasa lafiya ta zuba musu ido.

"Mutum nawa suka ce mana a'a kamar haka?" ta tambayi nas. Ta juyo. "Baba, da kai ne, yaya za ka yi tambayar?"

"Ki ce, tana tsallake? Tana gudu ba a kore ta ba? Kowa zai gane."

Ta rubuta kamar yadda ya faɗa. Ta ce na'urar ta naɗi komai ko bai danna ba, sai dai da sun so sanin lokutan da shi ya ji a jikinsa.

"Ai da kin faɗa, 'yata." Ya zaro littafin nan mai baƙin bango daga aljihu. A ƙarƙashin agogon wani direba, ya buɗe wa zuciyarsa shafi nata: ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida, ta yi gudu na daƙiƙa arba'in; ƙarfe biyu da kwata, tsallake huɗu. Layi goma sha bakwai ne gaba ɗaya. "Kuma na'urar taku tana baya da minti biyu. Ban taɓa ta ba, Auta ta hana ni."

Likitar ta roƙi aron littafin. Ya ce ta dawo masa da shi, akwai agogon mutane a ciki.

A hanyar gida yana ta ba mai tasi labarin ƙadangaren, Auta kuwa tana riƙe da wuyan hannunsa tana ƙirge a zuci. Likitar ta ce sai ƙwararren zuciya ya duba abin da aka naɗa kafin a san ko irin hargitsin da ke daskarar da jini ne, da ko za a ɗora shi a kan sabon magani. Sakamakon zai fito ranar Alhamis. Yau Litinin.